Kifin da ke Bayan Jika Biyu

Duk wanda ya taɓa karɓar canji a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ya riƙe hoton wannan kifi a hannunsa, ko da bai kula ba. Takardar sefa 2,000, shuɗiyar nan da mutanen Nijar ke kira jika biyu, wadda Babban Bankin Ƙasashen Afirka ta Yamma ya fitar a 2003, tana ɗauke a bayanta da wani kifi mai kauri, mai ƙaton kai da faɗin baki. Raƙuman da ke bayan jika guda kowa ya san su a Sahel. Kifin kuwa baƙo ne ga wanda ya tashi da tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa, domin na ruwan gishiri ne, kuma mazauninsa ƙasan teku.

Wolofawan Senegal suna kiransa cof, sunan da Faransawa ke rubutawa thiof. Masu Ingilishi suna kiran danginsa grouper, masana kimiyya kuma suna ce masa Epinephelus aeneus. Hedikwatar bankin da ya buga kuɗin a Dakar take, kuma a Dakar babu kifin da ya kai cof daraja. Shi ake sa wa baƙo na musamman, shi ake nema ranar suna da ranar biki. Har ta kai idan 'yan matan birnin suka ce da saurayi cof, to nufinsu kyakkyawa ne, ɗan kwalisa. Sai dai a shekarar da aka buga hotonsa a kuɗi, kifin ya riga ya yi ƙaranci a tekun ƙasar, kuma a yau takardar jika biyu ba ta sayen kilo guda nasa a kasuwannin Dakar.

Idan aka tambayi masunci a bakin teku yadda aka yi haka ta faru, amsarsa a shirye take: manyan jiragen Turai da na Asiya ne suka kwashe. Akwai gaskiya a maganar. Amma tarihin kamun cof ya fi haka sarƙaƙiya, domin mafi yawan kifin da aka fitar daga tekun da hannun 'yan ƙasa aka fitar da shi, ɗaya bayan ɗaya, da zare da ƙugiya, daga cikin kwale-kwale.

Yadda ake kamun ya cancanci a tsaya a kansa, don a cikinsa ne ƙarfin sana'ar da rauninta suke. Cof ba ya yawo a saman ruwa cikin garke kamar ƙananan kifaye. Yana zama ne a ƙasa, a zurfin mita 20 zuwa 200, kusa da duwatsu da ramuka, yana kwanton ɓauna. Yakan kai tsawon santimita 120 da nauyin kilo 25. Masunci yakan tsayar da kwale-kwalensa daidai saman dutsen, ya jefa anga, ya ɗaura dalma a ƙarshen zare mai ƙugiyoyi kaɗan, ya sa yankan yaboy, wato kifin sardin ɗin yankin, a matsayin koto, sa'annan ya saki zaren har ya ji dalmar ta taɓa ƙasa. Daga nan sauran aikin na yatsa ne. Cof ba ya tsattsagar koto; yakan buɗe baki ya zuƙe shi gaba ɗaya, ya juya da sauri zuwa raminsa. Idan ya shige ya buɗe marfin kunnuwansa ya tokare, sai dai zare ya tsinke. Saboda haka daƙiƙun farko su ne komai: dole a ɗaga shi daga dutsen kafin ya juya, kuma da tafin hannu ake yi, ba da wata na'ura ba. Shi ya sa hannun tsohon masuncin cof ke cike da tabon zare.

Akwai kuma abin da ke faruwa da kifin a hanyarsa ta zuwa sama. Nauyin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya a duk mita goma. Idan aka jawo kifi da sauri daga mita sittin, iskar da ke jakar cikinsa takan kumbura ninki da yawa, har ta turo tumbinsa ta baki. Irin wannan kifi ko an ga ya yi ƙanƙanta an mayar da shi ruwa, da wuya ya iya nutsewa ya koma gida. A kamun ƙasan teku, abin da ya hau ya hau ke nan.

Babbar dukiyar masunci a da ita ce sanin wuri. Teku ba ta da alama a samanta, don haka ake daidaita abubuwa biyu na tudu, misali wata kuka da hasumiyar masallaci, ko tagwayen tuddan Mamelles na Dakar da wani lungu na gaɓa, sai a san an iso. Kowane dutse na ƙarƙashin ruwa yana da suna, kuma uba ne ke gadar wa ɗansa, ba a faɗa wa bare. Wannan sirri, tare da iyakar ƙarfin damtse, shi ne ya tsare kifin shekaru aru-aru ba tare da wata doka ba.

Sana'ar tsohuwa ce. Alvise Cadamosto, ɗan Banis da ya zo gaɓar nan a 1455 cikin hidimar Fotugal, ya tarar da mutane suna su a cikin kwale-kwalen da aka sassaƙa daga gungumen itace guda. A ƙarnonin da suka biyo baya al'ummomi uku suka yi fice: Lebu na yankin Dakar, masu garuruwan Yof da Ngor da Wakam, Nyominka na bakin kogin Salum, da kuma mutanen Get Ndar, wata unguwa a kan siririn yashi tsakanin teku da kogin Senegal, daura da birnin Ndar da Faransawa suka raɗa wa Saint-Louis. Su ne suka mayar da gungumen rimi jirgin teku: suka ɗora masa katakai a gefe, suka yi masa dogon tsini gaba da baya don ya iya keta igiyar ruwa mai karyewa a gaɓa. Sunan kwale-kwale da Wolof gal. Akwai ma masu cewa sunan ƙasar daga sunu gal ya fito, wato kwale-kwalenmu. Masana tarihi ba su yarda da wannan fassara ba, amma 'yan siyasa suna son ta, kuma dalilin son a fili yake.

Kifin ma matafiyi ne. Daga wajen Nuwamba zuwa Mayu, lokacin da ake hunturu da bazara a ƙasar Hausa, iska mai kaɗowa daga arewa takan kore ruwan saman teku daga gaɓar Senegal, sai ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa, ɗauke da abin da ke yi wa teku aikin taki. Ƙananan halittu su yawaita, yaboy ya biyo su, manyan kifaye su biyo yaboy. A 1988 masana biyu, Philippe Cury da Claude Roy, suka nuna cewa cof na gangarowa daga tekun Muritaniya zuwa ta Senegal tare da wannan ruwan sanyi, ya koma arewa idan ruwa ya ɗumama. Mutanen Get Ndar sun daɗe da sanin haka ba tare da takarda ba. Kowace shekara sukan bi kifin kudu, su yada zango a Kayar, wani gari mai nisan kusan kilomita 60 arewa da Dakar, inda wani ƙaton kwazazzabo na ƙarƙashin teku ya matso har kusa da gaɓa, ta yadda ake samun ruwa mai zurfi ba tare da doguwar tafiya ba.

A Ndar ɗin ne kuma aka haifi abincin da ya ɗaukaka cof. Mulkin mallaka ya karkatar da manoman Senegal ga noman gyaɗa, ya cike giɓin abinci da gutsattsarin shinkafa daga yankin Indocina. Da wannan shinkafa mai araha, da tumatir da kayan lambu da kifi, matan Ndar suka haɗa cebujen, ma'ana shinkafa da kifi. Labarin baka yana jingina girkin ga wata mai dafa abinci ta ƙarni na 19, Penda Mbaye. Daga wannan tukunya ne dangin dafa-dukan da ake kira jalof suka bazu a Afirka ta Yamma, kuma a Disamba 2021 hukumar UNESCO ta sa cebujen cikin jerin al'adun gado na duniya. Cof ya dace da girkin domin tsokarsa fara ce, mai tauri, ba ta dagargajewa a miya, kuma ana iya huda ta a cusa haɗin faski da tafarnuwa da barkono. Zuwa lokacin samun 'yancin kai a 1960, matsakaicin gida a Dakar yana iya sa shi a akushin rana ba tare da an ce an yi almubazzaranci ba.

Sauyi na farko inji ne ya kawo shi. An fara gwada maƙala wa kwale-kwale inji a farkon shekarun 1950, kuma masunta suka karɓe shi da hannu biyu. Gwamnatin Senghor, wadda ta fi sa rai ga manyan jiragen zamani, ta zuba kuɗi a wani kamfanin jiragen kamun tuna na ƙasa da bai yi ƙarko ba. Kwale-kwalen da ake ganin kayan gargajiya ne mai shirin shuɗewa shi ne ya ci gaba. An cire wa injuna da man masunta haraji, sa'annan a 1972 aka kafa cibiya ta musamman don wadata su da injuna, da tallafin Kanada. Cikin 'yan shekaru filafili ya zama abin ajiya don ranar da inji ya mutu.

Sauyi na biyu ya fi na farko tasiri, ko da yake ba a cika ambatonsa ba: ƙanƙara. Kafin ita, komai ƙarfin inji dole masunci ya dawo a ranar, in ba haka ba kifi ya ruɓe. A ƙarshen shekarun 1970 aka fara gina akwatunan ƙanƙara a cikin kwale-kwale. Jiragen suka ƙara tsawo har suka kai mita ashirin, tafiyar yini ta koma ta kwana uku, ta koma ta mako, daga baya ta kai mako biyu. Duwatsun da a da ba a isa gare su, waɗanda suka zama tamkar rumbun ajiyar manyan kifaye, duk suka shiga hannu. Da na'urar GPS ta yi araha, tare da wadda ke leƙen ƙasan ruwa ta hanyar amsa-kuwwa, sirrin da ake gada ya koma lamba a waya. Yaron da bai taɓa jin sunan dutse ba yana iya tsayawa daidai kansa cikin dare.

Duk wannan ba zai yi nisa ba da kasuwa ba ta buɗe ba. Yarjejeniyar Lome ta 1975 ta ba kayan ƙasashen Afirka damar shiga kasuwar Turai ba haraji, kuma cof yana da masoya a Faransa da Italiya da Sifaniya. Aka kafa masana'antun gyara kifi a Dakar, ana sa shi a ƙanƙara a ɗora a jirgin sama, ya kwana a Turai. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 kifi ya ture gyaɗa daga matsayin abin da ya fi kawo wa Senegal kuɗin waje. A daidai wannan zamani, a 1979, ƙasar ta sa hannu a yarjejeniyar kamun kifi da ƙungiyar kasuwar Turai, irinta ta farko da wata ƙasar Afirka. Jiragen jan taru suka shigo suna share ƙasan teku, suna kwasar manya da ƙanana, suna lalata wuraren da kifi ke zama, wasu kuma suna kutsawa da dare cikin yankin da doka ta keɓe wa kwale-kwale. Ƙorafin masunta a kansu ba ƙage ba ne. Wasu jiragen ma, musamman na Koriya ta Kudu, sun gano cewa taru ba ya aiki a kan dutse, sai suka koma ɗaukar gomman kwale-kwale da masuntansu daga Ndar, su kai su tekun Gini ko Saliyo ko Angola, su sauke su da safe su yi fatsa, da yamma su saye abin da aka kama.

Rikicin Senegal da Muritaniya na 1989 ya rufe wa mutanen Get Ndar tekun arewa, inda kakanninsu ke su tun kafin a shata iyaka. Da yawa suka karkata kudu, suka ƙara cunkoso a wuraren da dama sun cika.

Sai kuma 11 ga Janairu 1994, ranar da aka sanar a Dakar cewa an karya darajar sefa da rabi. Mutanen Nijar ba su manta da wannan rana ba. Ga mai albashi masifa ce; ga mai sayar da kaya a waje kuwa, kuɗin da Bature ke biya ya ninka a dare ɗaya idan aka juya shi zuwa sefa. Masu kama yaboy don kasuwar gida suka sayi zare da ƙugiya. Manoman da fari da faɗuwar gyaɗa suka kora daga karkara suka shiga kwale-kwale. Babu mai hana kowa, domin teku a buɗe take ga duk ɗan ƙasa, kuma sai a 2005 aka fito da lasisin ƙananan masunta.

Abin da ya faru a Kayar a wannan shekara ta 1994 ya nuna cewa masuntan ba makafi ba ne. Da suka ga dillalai sun ƙi ƙara farashi duk da ribar da karya darajar kuɗi ta kawo musu, masu fatsa suka yi yajin aiki, suka kafa kwamiti, suka yanke cewa kada kwale-kwale ya sauke fiye da akwati uku na kifin fitarwa a rana. Manufar farko ɗaga farashi ce, amma dokar ta rage wa teku nauyi. Mutanen Kayar sun kuma daɗe suna adawa da kafa raga a kan duwatsunsu, saboda ragar da ta maƙale ta ɓace takan ci gaba da kashe kifi ba mai amfana. Baƙinsu na Get Ndar, masu ragar, suna ganin teku ta Allah ce, ba ta wani gari ba. Saɓanin ya kai ga faɗa a 1985, ya sake ɓarkewa a 2005 har aka rasa rai. Matsalar tsarin Kayar ita ce kifin matafiyi ne: abin da suka bari, wani gari ke kamawa.

Halittar kifin kanta ta sa ba ya jure irin wannan matsi. Cof yakan fara rayuwa a matsayin mace, ba ya fara ƙwai sai ya kai wajen rabin mita, kuma sai ya shekara da yawa ya yi girma sosai sa'annan wasu ke rikiɗa su zama maza. Kasuwar waje ta fi son manya, saboda haka mazan aka fara kwashewa. Da manya suka ƙare aka koma kan ƙanana, wato matan da ba su taɓa yin ƙwai ba. An ci garken ta kai da ta wutsiya.

A 2012 wani rukunin masana ƙarƙashin Djiga Thiao na cibiyar binciken teku ta Dakar-Thiaroye, tare da Philippe Cury, suka bi bayanan kamun cof na shekaru fiye da talatin. Abin da suka gano bai yi wa kowa daɗi ba: yawaitar kwale-kwale ce babban dalilin durƙushewar kifin, kuma abin da ya hana sana'ar tsayawa shi ne farashi. A ƙa'ida, idan kifi ya yi ƙaranci, fita nemansa takan daina biyan kuɗin mai, masunta su janye, kifin ya farfaɗo. A nan hakan bai faru ba, domin duk lokacin da cof ya ragu kuɗinsa hawa yake, kuma mai cin abinci a Turai yana iya biya. Masunci na iya kama rabin abin da ubansa ke kamawa ya kuma sami kuɗin da ya fi na uban. Ƙarancin da ya kamata ya zama gargaɗi sai ya zama riba. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, kuma gwamnatoci a jere sun ga ya fi sauƙi a nuna jirgin baƙo da a ce wa dubban masu ƙuri'a su rage fita teku. Ba kuma za a ga baiken mutumin da ke da bashin inji da bakuna goma a gida ba idan ya ƙi zama na farkon ajiye ƙugiya.

Kwale-kwalen ƙanƙara, wanda aka ƙera don ya yi mako biyu a teku, ya sami wani aikin a 2006. Masuntan da suka saba zuwa Gini Bisau sun san cewa jirgin da ya iya wannan tafiya zai iya kai wa Tsibiran Kanari na Sifaniya, kimanin kilomita 1,500 daga Senegal. A shekarar mutum fiye da 31,000 suka sauka a tsibiran, da yawansu cikin irin waɗannan jirage. Taken matasan da Wolof shi ne Barsa wala Barsak, kuma kalmar ƙarshe ba ta bukatar fassara ga Bahaushe: ko Basalona ko barzahu. A 2024 adadin ya haura 46,000, ban da waɗanda teku ta ci. Ba ƙarancin kifi kaɗai ke tura su ba, amma matuƙan jiragen masunta ne, kuma jiragen na su ne.

An yi ƙoƙarin gyara. A 2004 gwamnati ta keɓe wurare biyar a teku da gaɓa don kariya, ciki har da Kayar da Bambung a bakin Salum, inda ƙauyuka suka rufe wani rafin ruwan gishiri da kansu suka sa masu gadi, manyan kifaye kuma suka sake bayyana a cikinsa. Dokar 1998 ta haramta ragar roba mai zare guda, amma har yau ana ganin ta a kowace gaɓa. A gefe guda kuma sababbin matsi sun taso: masana'antun garin kifi a Muritaniya da Senegal da Gambiya suna niƙa yaboy don ciyar da dabbobi da kifin kiwo a wasu nahiyoyi, alhali shi ne koton masunci kuma shi ya maye gurbin cof a akushin talaka. A arewa, aikin haƙar iskar gas a kan iyakar Senegal da Muritaniya ya zo daidai Jatara, dutsen da mutanen Get Ndar suka fi dogara da shi, kuma an hana kusantar wurin.

A Mayu 2024 sabuwar gwamnatin Bassirou Diomaye Faye ta wallafa jerin jiragen da ke da izinin su a tekun ƙasar: na ƙasashen waje 19, manyan jirage masu tutar Senegal 132, waɗanda da yawansu jarin baƙi ne a bayansu, da kwale-kwale 17,449. A Nuwamban shekarar yarjejeniya da Tarayyar Turai ta ƙare ba a sabunta ta ba, jiragen Turai suka fice, aka yi murna a bakin teku. Sai dai tun 2014 yarjejeniyar ta taƙaita ne ga tuna da wani kifin ruwa mai zurfi. Babu cof a cikinta. Kwale-kwalen ƙanƙara suna ci gaba da tashi daga Dakar da Mbur da Jowal zuwa tekun Gini Bisau da Gini, da lasisin da suka saya a can. Idan suka dawo bayan kwana goma ko fiye, a kan yashi ake tantance kaya: manyan cof a ɗora su a sikeli a wuce da su motar sanyi mai zuwa masana'anta, waɗanda ba su kai ba kuma a bar wa matan da ke jira da bahonsu.